Ɗalibin da Ya Riƙe Fayil

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da yara da babansu. Yaya ƙafar Umma? Ki ce mata ɗinkin da aka yi mini ya warke, yanzu ina hawa bene ba tare da na dafa bango ba. Na zaɓi takarda a kan waya ne don duk lokacin da na ji muryarki kuka ke riga maganar fitowa.

Kin sha tambayata yadda abin ya faru, ina ta kewaye-kewaye. To ga shi yau. Ranar da ciwon ya taso, cikina na wata biyu, maƙwabciyarmu ta kai ni asibitin koyarwa na nan ƙasar fararen fata. Aka ba ni gado na uku daga taga, bayan wani labule mai ruwan toka da ƙugiyarsa ɗaya ta karye. Da hantsi babban likita ya shigo, ɗalibai bakwai na biye da shi kamar 'yan tsaki. Na ce masa gefen cikina na dama kamar ana murɗa wuƙa, har a kafaɗata nake jin sa. Ko taɓa ni bai yi ba, Yaya. Ya juya wurin ɗalibansa kamar ni hoton bango ce, ya ce, "Ku lura da wannan. Irinsu sun saba da ihu, a jininsu yake. In mace baƙar fata ta ce muku ciwonta ya kai goma, ku ɗauka huɗu ne." Wasu suka yi murmushi. Ya sa aka rubuta a fayil ɗina: mai yawan ƙorafi. Aka ba ni farasitamol aka sallame ni. Bayan kwana biyu na faɗi a banɗaki. Ashe cikin a wajen mahaifa ya zauna, a bututun ƙwai, har ya fashe. Sauran kin sani. Jini leda huɗu, an yanke bututun, babu ciki.

Na kai ƙara gaban kwamitin asibitin. Wata mata mai tabarau ta miƙo mini ruwa a kofin roba, ta ce likitan ya musa, ba abin da za su iya sai ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya a gadon ya ba da shaida a rubuce, da sunansa, kafin ƙarshen watan jibi. Mutum bakwai. Kunne goma sha huɗu. Wai babu wanda ya ji.

Yanzu ga abin da zai ba ki dariya. Ƙanwarki ta zama 'yar wasan kwaikwayo. A laburaren da nake aron littattafaina na ga sanarwa a allo, ana neman mutanen da aka taɓa wulaƙantawa a asibiti saboda launin fatarsu. Mai shirya abin wata tsohuwar nas ce, kanta fari fat, muna ce mata Malama. Ɗaliban likitanci ake yi wa wasan, amma ba irin wanda za ka zauna ka kalla ka tashi ba ne. Da farko mu yi shi daga farko har ƙarshe, yadda ya faru da muninsa. Sai a sake daga farko. A karo na biyu duk ɗalibin da ya ga wurin da ya kamata wani ya yi magana, sai ya tafa hannu sau ɗaya. Mu daskare a inda muke. Ya sauko, ya karɓi farar rigar ɗalibin da ke cikin wasan, ya gwada abin da shi zai yi. Doka biyu ce: ba a maye gurbin azzalumin, kuma shi azzalumin ba ya saduda da sauƙi. Malama ta ce a ɗakin marasa lafiya babu babban likitan da ke tuba don ɗalibi ya yi masa tari.

Na ba su labarina, ni nake fitowa a matsayin kaina. Mai fitowa a matsayin likitan wani tsohon direban bas ne, mutumin kirki, kullum sai ya raba mana shayinsa. Amma da ya sa tabarau ya ce "irinsu," sai da na ji ɗinkina ya motsa.

Mako mai zuwa za mu yi wa ajin ƙanenki. Yana lafiya, yana ta karatu.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, Umma na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci ki daina rayuwa a kan shayi da littafi.

Wasiƙarki a kan keken ɗinki na karanta ta, sai da na ɗinke hannun rigar wata mata a bai-bai. Wannan likita, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Da ni ce a gadon nan, da ya ga ihun da ke cikin jini, don sai na haɗa masa da na kakanninmu. Amma Auta, abin da ya wuce ya wuce. Allah ya bar miki ranki, ya bar miki bututu ɗaya, mata da yawa da shi suka cika gida. Ki yi haƙuri, ki riƙe mijinki, ku biyu ne kaɗai a can.

Zancen wasa kuma ban yi mamaki ba. Yarinyar da ta taɓa ƙona tukunya biyu a yini ɗaya don jarumin littafinta yana kan hanyar ceto budurwa, ai dama ƙarshenta dandamali. Sai dai ban gane ba, mutum ya kwanta yana maimaita ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsa, wai don 'ya'yan wasu su koyi tafi? Ke kika sani.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Da, in kin rubuto, sai na tsallake shafi biyu na yadda mijin naki Likitan Gobe yake murmushi da yadda yake naɗe hannun riga kafin in iso ga gaisuwar Umma. Yau layi ɗaya kika ba shi, shi ma kamar na maƙwabci. Lafiya? Sannan shi ba a asibitin nan yake koyon aiki ba? Ya bi abokansa mana, ya gano su waye bakwai ɗin nan, ya kamo ɗaya ya ba da shaida. Ina amfanin likita a gida in ba irin wannan rana ba?

Ki ba ni amsa, kar ki yi mini kewaye-kewayenki. Na raine ki, na san tafiyarki ko a duhu.

Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ki yafe mini, yau gaisuwata gajera ce.

Kin ce ya gano su waye bakwai ɗin. Ba sai ya nema ba. Shi ne na bakwai.

Shi ne ya riƙe fayil ɗin, Yaya. Da aka ja labule na gan shi a ƙarshen layi cikin farar riga, sai na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, nawa ya zo. A duk littafin da na karanta nan ne wurin da namiji ke ture kowa ya ce a kauce, matata ce. Na jira. Ya kalli takalminsa. Da likitan ya gama maganarsa ta goma da huɗu, sai ya waiga wurinsa, don shi kaɗai ne baƙi a cikinsu, ya ce, "Kai ka san mutanenka. Ba haka ba ne?" Ya gyaɗa kai. Da idona na gani. Kuma "mai yawan ƙorafi" da ke cikin fayil ɗina rubutunsa ne. Rubutun nan mai kwanciya gefe, wanda kika riƙa kawo mini a ɓoye cikin aljihun jakarki kafin aurenmu.

Wata huɗu ina ba shi uzuri. Na ce ɗalibi ne, bai san haɗarin ba, ya ɗauka babba ya fi shi sani. Da wannan uzurin nake iya dafa masa abinci. Ko a wasan ban ce wa kowa mijina ne ba. Na sa ɗalibi mai riƙe fayil, na sa gyaɗa kan, Malama har yaba mini ta yi wai na iya ƙirƙira.

Jiya muka yi wa ajinsu, a babban zauren da kujerunsa ke hawa kamar matakala. Gadona a ƙasa, ina kwance ina ganin fuskokinsu duka. Shi yana layi na biyar, gefen bango. Aka yi zagayen farko. A na biyu aka fara tafi. Wani dogon saurayi ya sauko ya sa riga, ya nuna likitan da yatsa ya ce masa mai wariya. Direban bas ya ce, "Fita daga ɗakina," ya ci gaba da sallamata. Malama ta tambayi zauren, "Ya huce haushinsa. Marar lafiya fa?" Wata yarinya mai gajeren gashi ta sauko, ba ta ce wa likitan komai ba, ta durƙusa a gefena ta ce, "Nuna mini wurin da yake miki ciwo." Na san wasa ne, amma sai da hawaye ya zubo mini. Babu wanda ya tambaye ni haka ranar.

Sai Malama, da duk iliminta, ta yi irin abin da muke wasan a kansa. Ta duba zauren, idonta ya sauka kan baƙar fuskar da ke layi na biyar, ta ce, "Kai ba ka ce komai ba. Me za ka yi?"

Bai sauko ba. Ya miƙe daga inda yake, hannunsa a bayansa kamar mai hadda, ya ce mace mai cikin wata biyu, ciwo a gefe ɗaya, ciwo a kafaɗa, to cikin wajen mahaifa ne har sai an tabbatar da ba shi ba ne, a yi mata hoton ciki nan take, kada a kuskura a sallame ta. Bai yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Aka tafa masa. Malaminsu ya ce madalla.

Ashe ya sani, Yaya.

Ina kwance a gadon katako ana tafa wa mijina don ya faɗi abin da zai cece ni, wata huɗu bayan an yanka ni. Na juya fuskata bango, suka ɗauka cikin wasan ne.

Da muka koma gida na ajiye masa takardar shaidar kwamiti da biro a kan teburin karatunsa, na kwashe kayana na koma falo. Na haɗa akwati, yana bakin ƙofa. Saura kwana ashirin da uku wa'adin ya cika. In ranar ta wuce takardar nan tana fara, ki share mini ɗakina na da. Kada ki gaya wa Umma tukuna.

Kuma don Allah kar ki sake ce mini in yi haƙuri. Na yi, har leda huɗu.

Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ki da iyalinki baki ɗaya. Ina roƙon ki isar da gaisuwata ga Umma.

Na san Auta ta rubuto miki, kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ba don in wanke kaina na ɗauki biro ba, sai don ke kaɗai take jin maganarki.

Ranar na bar gida tun da asuba, ban san an kawo ta ba sai da aka ja labule. Dokar makaranta ita ce ɗalibi in ya tarar da ɗan'uwansa a gado ya faɗa nan take ya fita. Na buɗe baki, sai na ga likitan ya riga ya fara magana, kuma ba a katse shi. Minti ɗaya ya wuce, sai na ga in na faɗa yanzu za a ce me ya hana ni tun farko. Haka na yi ta jiran lokacin da ya dace har aka rufe labulen.

Wannan mutum shi ke sa hannu a takardar kammala horona. Bara wani ɗalibi baƙar fata ya musa masa a gaban marar lafiya, har yau yana maimaita shekara. Shekara biyar ina sunkuyar da kai, ana kirana da sunan wani baƙin don wai muna kama, ina amsawa. Da ya tambaye ni mutanena, kaina ya gyaɗa kafin in yi tunani. Ya saba.

Na san alamar ciwon. Na yi niyyar mayar da ita ranar da ba shi ne a bakin aiki ba, wato bayan kwana uku. Cikin bai jira ni ba. Ni na ɗauke ta daga ƙasan banɗaki. Ɗan da ya tafi nawa ne ni ma.

In na rubuta shaida, dole in rubuta cewa na ɓoye matata ce, kuma na sa hannuna a fayil ɗinta. Wannan kaɗai ya isa a kore ni, saura wata shida in gama. Roƙona ki ba ta haƙuri ta bari in karɓi takardata. In na zama likita muryata za ta fi nauyi, kuma na yi alkawari ba zan sake yin shiru ba.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Ƙanenki

*

Likitan Gobe,

Na amsa gaisuwarka, don an hore mu da amsa sallama ko daga bakin wa ta fito.

Ba zan ba ta haƙuri ba. Wanda na aika mata a wasiƙar farko ma so nake a dawo mini da abina.

Ka iya tsara magana, ba shakka. Ka jira minti ya dace. Ka jira kwana uku su dace. Yanzu kana jiran wata shida su dace, alhali ka san wa'adin kwamiti zai cika kafin nan. Malam, ni tela ce. Yadin da aka yanka ba daidai ba, ba a cewa bari sai na sayi sabon keke sannan in gyara. Wanda bai yi magana yana ɗalibi don tsoron takarda ba, in ya zama likita tsoron kujera zai ji, in ya samu kujerar kuma ya ji tsoron mai kujerar sama. Haka shi wancan babban likitan ya fara, kana tsammani da tabarau aka haife shi?

Na ji zafin abin da suke maka, wallahi na ji. Amma da suka taka ka, sai ka ɗauki ƙanwata ka shimfiɗa a ƙasa don ƙafarsu ta sauka a kan taushi. Ranar da muka ba ka ita ba mu tambaye ka takardar likita ba. Cewa muka yi ga amana.

Kuma wata baiwar Allah tana nan tafe, baƙa kamar mu, za ta kwanta a gado na uku ta ce goma a rubuta huɗu. Ita ba ta da miji a layi ma.

Ban gaya wa Umma ba. Ba don kai ba, don hawan jininta.

Ka huta lafiya, in ka iya.

Yaya

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ban san me kika rubuta masa ba, na dai ga ya karanta a tsaye ya ninke ya sa a aljihun gaba, kwana biyu bai taɓa abinci ba. Allah ya saka miki.

Yau muka yi wasanmu na ƙarshe, wa 'yan aji huɗu. Ba ajinsu ba ne, ba abin da ya kawo shi. Ina kwance aka fara zagaye na biyu, direban bas ya kai wurin "Kai ka san mutanenka," sai na ji tafi daga can bayan zaure. Guda ɗaya, mai rauni, kamar na wanda ke kashe sauro. Na ɗaga kai. Shi ne.

Ya sauko matakalar nan kamar mai tafiya a cikin ruwa. Ya sa rigar, aka miƙa masa fayil. Direban bas bai san ko wane ne ba, ya dube shi ta saman tabarau ya maimaita tambayar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin da za a..." Direba ya ce, "Ban tambaye ka ganinka ba. Rubuta." Shi ke nan, ya kashe masa baki.

Malama ta ce ko zai sake gwadawa. Ya ce e. Wannan karon ya zubo haddarsa, hoton ciki da sauransu. Direba ya matso har numfashinsu na haɗuwa, ya ce a hankali, "Yaro, wa ke sa hannu a takardarka?" Yaya, na ga wuyansa ya fara lanƙwasa. Na ga kan nan zai sake gyaɗawa, a gabana, karo na biyu. Sai na karya doka. Marar lafiya ba ta magana in an daskare, amma na tashi zaune na ce masa da harshenmu, "Wallahi in ka gyaɗa kan nan, daga nan tasha zan wuce." Babu wanda ya fahimta sai shi.

Ya ce a sake. Na uku bai yi hadda ba. Ya ajiye fayil ɗin a kan ƙafafuna, muryarsa na karkarwa kamar ta ɗan akuya, ya ce, "Ba zan rubuta ba. Ba haka mutanena suke ba. Wannan matata ce, ta ce goma, goma ne, kuma ba za ta bar gadon nan ba sai an duba ta." Direba ya kore shi, kamar yadda doka ta ce. Ya ƙi fita. Ya kama ƙarfen gadon ya tsaya.

Zauren ya ɗauki tafi, sun ɗauka dabara ce ya ƙirƙiro mata. Malama kaɗai ba ta tafa ba. Ta dube ni, ta dube shi, ta rufe bakinta da hannu.

Na san abin da kike jira in ce. A littafi nan ne za a rungume juna a rufe bango. Ni ban ji komai ba sai wani sabon haushi. Kalma ashirin da tara ne, Yaya, na ƙirga su a hanya. Kalma ashirin da tara suka raba ni da ɗana. Kuma wa ya faɗa wa? Direban bas, mai raba shayi, wanda ba ya sa hannu a takardar kowa. A mota ya so ya riƙe hannuna, na ce masa, "Ka iya wasa. Saura kwana uku."

Takardar tana kan tebur, har yanzu fara.

Ki gaida Umma.

Auta

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri.

Ya kai takardar jiya, da ƙafarsa. Shafi huɗu. Ya bar mini kwafi a kan akwatina, na karanta sau biyu. Ya rubuta goma da huɗu, ya rubuta gyaɗa kan, ya rubuta cewa ni matarsa ce. Rubutun nan dai mai kwanciya gefe.

Yau da safe suka dakatar da shi daga shiga asibiti har sai an zauna. Farar rigarsa na rataye a bayan ƙofa, shi yana kicin yana ƙona mini shinkafa.

Zaman kwamiti ranar Laraba ne, likitan zai zo. Kar ki share ɗakin tukuna, kar kuma ki ba wa yara shi. Na buɗe akwatin, amma takalmin fita kawai na ciro, na zuwa zaman Laraba.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta